Zao: Ciyawar Ruwa a Jikin Tsuntsu

A ƙarni na 3 Miladiyya wani mawaƙin ƙasar Sin mai suna Pan Yue, wanda har gobe Sinawa ke buga misali da kyawun fuskarsa, ya rubuta doguwar waƙa a kan farautar zakaran dawa. Tsuntsu ne ɗan dangin zabo da fakara, sai dai ya fi su dogon bindi da yawan launi. Yadda ake farautarsa a wancan zamani, maharbi zai laɓe a bayan ɗan shingen ganye da bakansa, ya saki wani zakaran da ya rena a gida. Na gida ya yi cara, na dawa ya ji an shigo masa gona, sai ya fito a fusace yana baza gashi. Da Pan Yue ya zo siffanta wannan gashi, sai ya ɗauko kalma mai gaɓa biyu, zaohan. Han dogon gashin tsuntsu ne, wannan babu gardama. Zao kuwa sunan ciyawa ne, ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa.

Kalmar ba ta mutu ba. Masu nazarin teku a birnin Qingdao suna kiran ciyawar teku haizao. Ɗalibin kimiyya yana karanta zaolei, wato duk dangin gansakuka, daga wadda ido ba ya gani har wadda ta fi mutum tsawo. Malamin adabi kuma idan ya ce cizao, adon magana yake nufi. Duk harafi ɗaya ne, 藻, ana furta shi kusa da "dzau", murya ta sauka sannan ta tashi. Yadda aka yi ciyawar tafki ta hau jikin tsuntsu, daga can ta sauka a bakin alƙalami, labari ne na kusan shekara 3,000, kuma a cikinsa akwai wata fahimta game da ado wadda ta cancanci a tsaya a kanta.

Harafin kansa layi 19 ake ja kafin a gama shi. A samansa alamar ciyawa ce, a hagunsa alamar ruwa. Abin da ya rage hoton bishiya ne da bakuna uku a kanta, kuma Xu Shen, wanda ya kammala ƙamusun haruffa na Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100, ya fassara wannan ɓangare da kukan garken tsuntsaye. Mai zumuɗi zai ce ga tsuntsun nan tun farko a cikin harafin. Masana ba su yarda ba, kuma gaskiyarsu: ɓangaren bishiya da bakuna sauti kawai yake nunawa, kamar yadda yake yi a wasu haruffa da dama waɗanda ba ruwansu da tsuntsu. Hanyar da ta haɗa ciyawar da gashin ba ta cikin zanen harafin ta bi ba. Ta cikin idon mutane ta bi.

Da farko ba ciyawar teku ba ce ma. Mutanen da suka fara rera waƙoƙin Shijing, kundin waƙa 305 da ya fi kowane tsufa a Sin, manoma ne na kwarin Rawayen Kogi, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba. Zao ɗinsu tana cikin rafi da kududdufi. Ta bambanta da kainuwa, wadda ke yawo a saman ruwa, ta kuma bambanta da gansakukar da ke manne wa bakin randa. Doguwar ciyawa ce mai siririn kara, saiwarta a ƙasa, jikinta a nutse, tana karkata duk inda ruwa ya nufa. Wani malami na ƙarni na 3 mai suna Lu Ji, da ya bi tsirrai da dabbobin Shijing ɗaya bayan ɗaya yana bayaninsu, ya ce iri biyu ce, ya kuma faɗi yadda ake cin ta: a dafa, a murje ƙarnin, a turara da gari. Ya ce a shekarar yunwa ita ke tsaya wa mutane a matsayin tuwo.

Abincin talaka ke nan, amma ta shiga ɗakin bauta. Littafin ladubba na Liji ya bayyana cewa ’yar manyan gida da aka sa wa rana takan yi wata uku ana koya mata zaman aure, idan ta gama sai a yi hadaya ga kakanni da kifi da miyar wannan ciyawa. Zheng Xuan, babban mai sharhi da ya rayu daga 127 zuwa 200, ya ce an zaɓe ta ne saboda sunanta ya yi daidai da kalmar wanka, wadda ita ma zao ce. Harafin wankan ma shi ne aka ɗora wa alamar ciyawa aka sami namu. Ciyawa ce da kullum ruwa ke wanke ta, don haka ta zama alamar tsarki. Littafin tarihi na Zuozhuan ya kai zancen gaba. A labarin shekara ta 720 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gidan sarautar Zhou da masarautar Zheng sun yi musayar ’ya’ya a matsayin jingina don tabbatar da amana, amma duk da haka amanar ta wargaje. Marubucin ya yi hukunci cewa inda zuciya ta gaskata, ko ciyawar rafi aka miƙa ta isa hadaya, inda kuma ba ta gaskata ba, jinginar ɗan sarki ba ta tsinana komai.

Daga ɗakin bauta sai rigar sarki. Tun zamanin da, akwai alamomi 12 da aka keɓe wa babbar rigar sarkin sarakunan Sin: rana, wata, taurari, dutse, Long macijin almara, zakaran dawa, kofunan hadaya, zao, wuta, ƙwayar hatsi, gatari, da wani zane mai kusurwa biyu da suka juya wa juna baya. A shekara ta 59 Sarki Ming na daular Han ya mai da su doka. Da aka tone kabarin Sarki Wanli na daular Ming tsakanin 1956 da 1958, an tarar da riguna ɗauke da alamomin nan cif. A rigar sarki ne ciyawar da zakaran dawa suka fara zama maƙwabta a kan ƙyalle guda. Cai Shen, mai sharhi na zamanin daular Song, ya raba musu aiki: an ɗauki zakaran dawa saboda zanensa, an ɗauki zao saboda tsabtarta. Amma wani sharhi da ya girme shi, wanda ake jingina wa Kong Anguo, ya fassara zao da ciyawar ruwa mai zane. Ashe ita ma tana da abin da tsuntsun ke taƙama da shi.

Hular sarkin ma ba a bar ta ba. Allo ne shimfiɗe a kai, da tsakiyoyin dutsen jed 12 suna reto a gaban fuska, wasu 12 a ƙeya, kuma zaren siliki mai launi-launi da aka shirya duwatsun a kai sunansa zao. Babi guda na Liji da wannan sunan ake kiran sa, Yuzao. Ko bayan faɗuwar sarauta alamomin ba su tafi ba. A 1912 aka ɗora wa ma’aikata uku na ma’aikatar ilimi aikin zana tambarin sabuwar jamhuriya, cikinsu har da Lu Xun, wanda daga baya ya zama uban adabin Sin na zamani. Tambarin da suka fitar, wanda aka yi aiki da shi daga 1913 zuwa 1928, yana da Long a gefe guda da tsuntsu a ɗaya gefen, tsuntsun kuma riƙe yake da reshen zao.

To mene ne wannan zane da ake cewa ciyawar tana da shi? Wanda ya taɓa leƙa ruwa mai garai-garai ya ga irin wannan tsiro zai gane. Ɗaya daga cikin nau’o’in da masana tsirrai ke ganin su ne zao ta Shijing tana da ganye da ke fitowa huɗu-huɗu kewaye da kara, kowane ganye da ƙashi a tsakiya da siraran zaruruwa dama da hagu, tamkar an tsige shi daga ƙirjin tsuntsu. Idan ruwa ya motsa, ganyayen sukan kwanta a kan juna layi-layi, haske yana bin bayansu. Gashin wuyan zakaran dawa haka yake: sahu kan sahu, kowane da bakin da ya fi duhu, yana sauya launi idan tsuntsun ya juya. Zane ne mai tsari amma ba sandararre ba, mai maimaita kansa amma yana numfashi. Harshen Sin ya rasa sunan da ya fi dacewa da irin wannan kyau, sai ya ari na ciyawar. Bayan Pan Yue mawaƙa suka ci gaba da haɗa zao da sunayen gashi da fiffike, ta zama sifar agwagwar ruwa mai launi da ɗawisu da duk tsuntsun da Allah ya yi wa kwalliya.

Sauran tafiyar, daga tsuntsu zuwa rubutu, gajera ce, domin a tunanin Sinawa tun asali ba su rabu ba. Kalmar wen, wadda a yau take nufin rubutu da adabi da wayewa, ma’anarta ta fari zane ce, irin na jikin damisa ko ƙwaryar kunkuru. Almararsu ta ce Cang Jie ya ƙago haruffa ne bayan ya lura da sawun tsuntsaye da dabbobi a ƙasa. Ita kanta han, abokiyar zao a waƙar farauta, daga gashin tsuntsu ta koma nufin alƙalami, duk da cewa alƙalamin Sinawa da gashin zomo ko akuya aka fi yin sa, daga alƙalami kuma ta koma nufin wasiƙa da rubutu. Majalisar manyan malaman fada da aka kafa a 738, zamanin daular Tang, sunanta Hanlin, wato kurmin alƙaluma. Saboda haka zaohan ta zama tana da fuska biyu: gashi mai ado, da rubutu mai ado. A daulolin Ming da Qing kuwa abin ya fito fili a ƙirjin ma’aikata, inda hafsoshin soja ke ɗaura bajo mai hoton namun daji, ma’aikatan alƙalami kuma mai hoton tsuntsaye. A tsarin Qing mai daraja ta ɗaya gauraka yake sawa, ta biyu zakaran dawa mai ruwan zinariya, ta uku ɗawisu.

Wanda ya zauna ya yi wa wannan al’amari tunani mai zurfi shi ne Liu Xie. Maraya ne, talaka, ya yi shekaru a gidan ibadar mabiya Buddha yana taimakawa wajen shirya littattafai, kuma wajen shekara ta 500 ya kammala littafi mai babi 50 a kan fasahar rubutu, Wenxin Diaolong. Ba wanda ya kula shi. Tarihin daular Liang ya ce sai da ya goya littafin a baya kamar ɗan koli, ya tare keken dokin Shen Yue, babban malamin zamanin, ya miƙa masa. Shen Yue ya karanta, ya yaba, ya riƙa ajiye shi a kan teburinsa.

A babi na farko Liu Xie ya kafa hujjarsa da halittu. Ya ce a dubi zanen tsuntsun almara Fenghuang, da na damisa, da launin gajimare, da furen itace: babu mai rini ko mai surfani da ya taɓa su, kuma ba a waje aka liƙa musu adon ba, daga jikinsu ya fito. Ɗigon jikin zabuwa ba a kasuwa ta saye shi ba, daga jikinta yake tsirowa, kuma ba a cire shi sai an fige ta. In haka ne halin abin da ba shi da hankali, in ji shi, ta yaya mutum mai zuciya zai rasa nasa zanen? Zanen mutum shi ne maganarsa. Wannan amsa ce ga masu ganin duk wani adon harshe yaudara ne.

Amma bai sakar wa masu ado linzami ba. A babin da ya yi a kan ƙarfi da ƙashin rubutu ya jera tsuntsaye uku. Zakaran dawa ya cika launi, amma ba ya wuce taku ɗari a tashi, saboda nama ya yi masa yawa, ƙarfi ya yi kaɗan. Shaho ba shi da wani launi, amma yana kaiwa ƙololuwar sama, saboda ƙashinsa da zafin zuciyarsa. Rubutu mai ƙarfi marar ado shaho ne da ya sauka a kurmin malamai, mai ado marar ƙarfi kuma zakaran dawa ne da ke tsalle-tsalle a lambu. Wanda ya haɗa biyun, gashinsa na walƙiya kuma yana tashi sama, shi ne Fenghuang na marubuta. Kalmar da ya zaɓa wa wannan walƙiyar gashi ita ce zao. A wannan wuri ba za a iya cewa ga ma’anar tsuntsu ga ta rubutu ba, sun narke sun zama ɗaya. Kuma hukuncin ya yi adalci fiye da na mafi yawan waɗanda suka zo bayansa, domin bai ce a fige tsuntsun ba, cewa ya yi a duba ko yana iya tashi.

Tsoron ado marar tushe ya girmi Liu Xie nesa ba kusa ba, kuma da wannan ciyawar aka fara misalinsa. Konfushiyas ya soki Zang Wenzhong, wani wazirin masarautar Lu da mutane ke yaba wa hikimarsa, saboda ya gina wa ƙaton kunkurun duba ɗaki, ya sassaƙa duwatsu a kan ginshiƙansa, ya zana zao a jikin azarorinsa. Masu sharhi sun ce irin wannan ado na ɗakin bautar sarki ne, bai kamaci waziri ba balle kunkurunsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Magina dai ba su fasa zana ta ba. Rufin cikin manyan fadoji da gidajen ibada na Sin yakan kasance da wani rami a tsakiya, mai hawa-hawa, murabba’i a ƙasa, mai kusurwa takwas a tsaka, da’ira a can sama. Sunansa zaojing, rijiyar zao. Ginin katako ne, babban abokin gabansa wuta, don haka aka kifa rijiya a sama aka cika ta da zanen tsirran ruwa, da fatan ruwa ya danne wuta. Ying Shao, marubucin ƙarshen daular Han, ya rubuta wannan dalili. Fatan bai hana gobara ba. Babban zauren fadar Beijing ya ƙone a 1421, shekara guda da gama shi, ya sake ƙonewa a 1557 da 1597 da 1679, shi ya sa aka jera manyan randunan tagulla da na ƙarfe cike da ruwa a farfajiyar. Abin da ya saura shi ne kyan aikin. Kogwannin Mogao na Dunhuang cike suke da irin wannan rufi da aka zana da fenti. Biyu daga cikin mafi kyau na katako, na gidan ibadar Zhihua da aka gina a Beijing a ƙarni na 15, an ɓamɓare su an sayar a wajajen 1930, yanzu ɗaya na gidan tarihi a Filadelfiya, ɗaya a birnin Kansas na Amurka. Abin takaici ne mai ziyara ya ɗaga kai a Zhihua ya tarar da gurbi.

Teku ta shigo labarin ne ta hannun masu magani. Tsohon littafin magunguna na Shennong, na zamanin Han, ya lissafa haizao, ya ce tana maganin kumburin wuya. A ƙarni na 4 Ge Hong ya rubuta yadda ake jiƙa ta a giya a ba mai maƙoƙo. Ba su san dalili ba, sun dai ga tana aiki. Sai a 1811 wani Bafaranshe mai haɗa sinadarin albarushi, Bernard Courtois, ya ga hayaƙi mai ruwan shuni yana tashi daga tokar ciyawar teku, aka gano aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, wanda a yau ake zubawa a gishirin ledar da ke kasuwannin Kano da Maraɗi. Sin ce ke noma fiye da rabin ciyawar tekun da ake nomawa a duniya. Sai dai da zarar ta iso kicin sunan yakan sauya: mai faɗin nan haidai ce, ɗamarar teku, mai duhun nan kuma zicai, ganye mai ruwan shuni. Uwar gida ba ta cewa ta dafa zao. Kalmar ta zauna a littafi da ɗakin bincike.

Japanawa, mutanen tsibiri, da suka ari harafin sai suka ja shi zuwa gaɓar teku, suka karanta shi da kalmarsu, mo. Da can da ita suke yin gishiri: a tara ciyawar, a yi ta kwara mata ruwan teku tana bushewa, a ƙone, a jiƙa tokar, a tafasa. Har yau ana maimaita dafa gishiri da ciyawar teku a matsayin ibada kowane watan Yuli a garin Shiogama. Ciyawar gishirin sunanta moshiogusa, kuma da yake a Japananci kalmar tattarawa da manjagara da kalmar rubutawa sautinsu ɗaya, kaku, sai moshiogusa ta zama sunan tarin rubuce-rubuce. Ta wata ƙofa dabam suka shiga, suka iske Sinawa a ɗaki guda. Kundin waƙoƙin Sinanci mafi tsufa da aka tara a Japan, na shekara ta 751, sunansa Kaifuso, kuma harafinsa na ƙarshe shi ne wannan.

Daga ƙarni na 20 zuwa yau kalmar ta sha duka ta fuska biyu. A watan Janairun 1917 Hu Shi, yana ɗalibi a Amurka, ya buga maƙala a mujallar Xin Qingnian yana kira a bar tsofaffin kalmomin da aka tauna aka tofar, a bar jera jimloli tagwaye, a rubuta yadda ake magana. Wata guda bayan haka Chen Duxiu ya bi da kiran a rushe adabin masu sarauta mai yawan sassaƙa. Suna da hujja. Ƙarnuka na jarrabawar shiga aikin gwamnati sun haifar da dubban zakarun dawa, rubutu mai sheƙi wanda ba ya cewa komai, alhali yawancin jama’a ba su iya karanta ko sunansu ba. Tun daga lokacin cizao ta fi fitowa a bakin mai suka. Malamin makaranta yakan rubuta wa ɗalibi a gefen takarda cewa ya jibga cizao, da kalmar da ake amfani da ita wajen jibga tubali. Abin da aka yi asara a wannan juyi shi ne rabin maganar Liu Xie. An riƙe gargaɗinsa game da tsuntsun da ba ya tashi, an manta cewa shi bai ɗauki shaho a matsayin ƙarshen buri ba.

Duka na biyu daga ruwan kansa ya zo. A ƙarshen watan Mayun 2007 mutanen birnin Wuxi suka buɗe famfo suka ji wari. Tafkin Tai, ɗaya daga cikin manyan tafkunan Sin, ya rufe da wani kore mai kauri kamar fenti, kuma kimanin mutum miliyan 2 suka yi kwanaki ba ruwan sha sai na roba. Sunan abin a jaridu lanzao, shuɗiyar zao, ko da yake a kimiyyance ƙwayoyin bakteriya ne. Shekara guda bayan haka, ana saura makonni a fara tseren jiragen ruwa na gasar Olamfik ta 2008, koriyar ciyawar teku ta mamaye gaɓar Qingdao, sai da mutum fiye da 10,000 da jiragen ruwa fiye da 1,000 suka yi ta kwasa. Yaron da ya tashi a waɗannan shekaru, idan ya ji zao, ƙazanta ce ke fara zuwa masa, ba ciyawar da ake yi wa amarya miya da ita don tsarkinta ba.

Laifin ba na tsiron ba ne. Abin da ya ciyar da koren tafkin Tai takin zamani ne da ruwan masana’antu da na masai da aka yi shekaru ana turawa cikinsa. Kuma idan irin wannan kore ya rufe saman ruwa, farkon wanda yake kashewa ita ce zao ta asali, mai ganye kamar gashin tsuntsu, domin ita ba ta rayuwa sai inda haske ke kaiwa ƙasa. Shi ya sa masu aikin farfaɗo da tafkuna a Sin suke sake dasa ciyayin ƙarƙashin ruwa, suna kuma ɗaukar dawowarsu a matsayin shaidar ruwa ya fara warkewa. Zheng Xuan da ya haɗa ta da wanka bai yi kuskure ba.

Masu tukwane sun daɗe da sanin haka. Zanen kifaye suna iyo a tsakanin zao yana cikin waɗanda aka fi so a kan tangaran ɗin Sin, kuma a irin wannan zane ba a zana ruwan, farin tangaran ɗin ne ruwan, karkatar ciyawar ce ke nuna akwai shi. Wata randa mai irin wannan ado ta zamanin Sarki Jiajing, na ƙarni na 16, an yi gwanjonta a Hong Kong a 2017 a kan fiye da dalar Hong Kong miliyan 200.

Mafi kyawun amfani da aka yi da kalmar a rubutun zube bai ci ko sisi ba, kuma ba a ma’anar ado aka yi shi ba. A 1083 mawaƙi Su Shi yana zaman kora a Huangzhou, bayan ya sha ɗauri saboda waƙoƙinsa. Wani dare ya kasa barci saboda farin wata, ya taka zuwa gidan ibadar Chengtian wurin abokinsa Zhang Huaimin, wanda shi ma korarre ne, suka zaga tsakar gida. Ya rubuta cewa tsakar gidan ta yi kama da ruwa mai garai-garai da zao da wata ciyawar ruwa suka sarƙe a ciki, sannan ya bayyana cewa inuwar gora ce da ta itatuwa. Babu kalmar ƙawa ko ɗaya a wurin, sunan ciyawa ne tsagwaronsa, amma shi ne ya ɗauki nauyin rubutun duka. Idan ana neman tsuntsun Liu Xie na uku, wanda ke walƙiya kuma yake tashi, wannan ne. Rubutun bai kai harafi 100 ba, kuma yana cikin littafin Sinanci na ’yan aji takwas, inda ake sa yara su haddace shi.